GYARA A ƁOYE: SHARHI KAN SAKE FITAR DA FAYAFAYAN FIM BA TARE DA SANARWA BA

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa yin nazarin littafin da aka buga fiye da sau ɗaya ya san tambayar farko da malamai za su yi masa, wato, wane bugu ka duba? Idan ya kasa amsawa, to, an sami abin tuhuma a aikin nasa tun kafin a karanta shafi na biyu. Amma da zarar an zo kan fim sai mu sassauta. Mutum zai ce ya kalli fim kaza, ya yanke hukunci kan launinsa da haskensa da yadda aka tsara hotunansa, ba kuwa wanda zai tambaye shi daga wane faifai ya kalla.

Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna cewa wannan sassauci kuskure ne. Za a yi haka ta hanyar duba wata ɗabi'a da manyan kamfanonin fim na Amurka suka nuna tsakanin shekarar 2002 da 2012. Kamfani yakan fitar da faifai mai aibi a hotonsa, masu saye su koka, sai ya sake aikin, ya zuba sabon faifan cikin kwali kusan irin na da, ya mayar da shi kasuwa ba tare da ya rubuta a fili cewa wannan ya bambanta da wancan ba. Za mu fara da bayanin yadda fim ke isowa kan faifai, mu kawo misalai, mu auna ko kowane sabon aiki ne ya fi tsoho, sannan mu faɗi ra'ayinmu.

2.0 Daga Uwar Fim Zuwa Faifai

Finafinan da za mu ambata duka an ɗauke su ne a kan zaren fim, wanda ke ɗaukar hoto 24 a kowace daƙiƙa. Zaren da ya fito daga cikin kyamara, wato nagatif, shi za mu kira uwar fim. Ba a kai uwar fim gidan silima, domin ita kaɗai ce, in ta lalace an yi hasara. A maimakon haka, a wancan zamani akan wanke kwafi daga gare ta, a wanke wani daga wannan kwafin, sannan daga shi a wanke ɗaruruwan da za a rarraba. Kowane wanki yana rage kaifin hoto kaɗan, kamar yadda kwafin kwafi na takarda ke dusashewa.

Idan za a yi faifai, sai a zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan zaruruwa, a bi hotunansa ɗaya bayan ɗaya da na'ura a shigar da su kwamfuta. Daga nan a daidaita launi, a share ƙura da ƙarzuwa, a matse bayanan don su shiga faifai. A kowane mataki akwai mutumin da ke yanke shawara: wane zare za a ɗauka, launin ya yi ɗumi ko ya yi sanyi, sharar ta tsaya a ina. Ke nan abin da ke kan faifai ba fim ɗin ba ne kai tsaye, kwafi ne wanda ya bi ta hannun masu kwafa.

Faifan DVD ya fito a Japan a 1996, ya shiga Amurka a 1997, kuma hotonsa a tsarin Amurka ɗigo 720 ne a kwance, 480 a tsaye. Blu-ray ya zo a 2006 da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato ninki shida daidai. A 2016 aka fitar da Ultra HD Blu-ray mai ɗigo 3840 da 2160, ninki huɗu na wanda ya gabace shi. A nan matsalar ta samo asali. Lokacin da Blu-ray ya shigo, kamfanoni na hanzarin cika kasuwa, sai suka riƙa ɗauko tsofaffin ayyukan da aka shirya domin DVD da ƙananan akwatunan talabijin na da, suna zubawa a sabon faifai. Aibin da ƙaramin allo ya rufa wa asiri, sai babban allo ya tona shi.

Aibi biyu ne suka fi yawa, kuma ya kamata a fahimce su kafin a shiga misalai. Na farko ya shafi abin da za mu kira tsakin hoto. Zaren fim yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa waɗanda haske ke taɓawa, su ne ke haifar da hoton, shi ya sa mai lura zai ga wani ɗan tsaki-tsaki na motsi a kan allo. Wannan tsaki ba datti ba ne, daga jikinsa aka gina hoton. Idan aka sa na'ura ta goge shi da ƙarfi, sai ta tafi da ramukan fata da zaren tufafi, fuskar mutum ta koma sumul kamar an ƙera ta da kakin zuma. Na biyu shi ne kaifafa gefe. Don hoto ya yi kamar mai kaifi, sai a ƙara haske a iyakar kowane abu mai duhu, har a ga wani farin zare ya kewaye kan mutum ko bakin takobi. Sau da yawa akan haɗa biyun: a goge hoto har ya yi laushi, sannan a nemi maido da kaifinsa ta hanyar jabu.

3.0 Misalai Huɗu

3.1 Back to the Future

A watan Disamba na 2002 kamfanin Universal ya fitar da finafinan nan uku a kan DVD. An ɗauki waɗannan finafinai da hoto mai tsawo fiye da wanda ake nunawa, ta yadda sai an rufe wani yanki na sama da na ƙasa kafin a sami faffaɗan hoton silima. A kashi na biyu da na uku an yi kuskuren wurin rufewa a wasu fitowa. Akwai inda rigar yaron ke daidaita kanta da jikinsa, amma aka datse gefen hoton da abin ke faruwa, mai kallo na jin ana magana a kan abin da ba ya gani sosai. Kamfanin ya karɓi kuskuren, ya musanya wa waɗanda suka nema. Sai dai alamar gyararren faifan ita ce wasu ƙananan baƙaƙe, V2, da aka buga a jikinsa, waɗanda in ba an gaya wa mutum ba, ba zai san abin da suke nufi ba.

3.2 The Fifth Element

Wannan fim na Luc Besson, na shekarar 1997, yana cikin rukunin farko da kamfanin Sony ya ƙaddamar da Blu-ray da su a watan Yuni na 2006. An yi tsammanin zai zama zakaran gwajin dafi, domin DVD ɗinsa ya yi suna wajen kyan hoto. Da ya fito sai aka tarar da hoto mai laushi, ga ƙura da tabo na zaren da aka kwafa. A lokacin kuwa Blu-ray na cikin gasa da HD DVD na kamfanin Toshiba, gasar da ba ta ƙare ba sai a farkon 2008. Saboda haka abin ya zama abin kunya. A watan Yuli na 2007 aka fitar da sabon aiki mai tsabta da kaifi, aka buɗe hanyar musaya, aka janye na farko. Hoton bangon kwalin kuwa kusan bai canza ba.

3.3 Gladiator

Wannan shi ne misalin da ya fi shahara. Fim ɗin Ridley Scott ne na shekarar 2000, wanda ya ci lambar Oscar ta fim mafi kyau. Kamfanin Paramount ya fitar da shi a kan Blu-ray a watan Satumba na 2009, a cikin wani jeri da ya yi wa laƙabi da Sapphire Series, wanda aka tallata a matsayin ƙololuwar inganci. Masu saye suka tarar da goge tsaki da kaifafa gefe duka biyu. Abin da ya fi muni shi ne, na'urar share ƙarzuwa ta ɗauki wasu kibau da ke tashi a fagen yaƙin farkon fim ɗin a matsayin tabo, ta shafe su daga wasu hotuna. Wani abin lura kuma, faifan na ɗauke da ƙarin fitowa da aka saka cikin fim ɗin daga baya, waɗanda aka kwafa a wani aiki na baya-bayan nan, sai ga shi sun fi asalin fim ɗin kyau nesa ba kusa ba. Da haka faifan ya ba da shaida a kan kansa. A 2010 aka sake aikin tun daga tushe, aka samu hoto mai kyau ƙwarai. Amma a Amurka an mayar da shi kasuwa cikin kwali irin na da, babbar alamar da masu saye suka riƙa dubawa ita ce, layukan lambar kaya da ke bayan kwalin an buga su a kan rawaya maimakon fari.

3.4 Patton

An ɗauki wannan fim na 1970 a kan zare mai faɗin milimita 65, wanda ya fi na yau da kullum mai milimita 35 riƙe bayani. Ke nan ya kamata ya zama cikin mafi kaifin abin da ake iya gani a gida. Faifan da kamfanin Fox ya fitar a 2008 an goge shi har fuskar George C. Scott ta rasa alamun shekaru da wahalar da rawar tasa ta dogara a kansu. Cikin waɗanda suka soki aikin akwai Robert A. Harris, mutumin da ya jagoranci farfaɗo da fim ɗin Lawrence of Arabia a 1989. Sai da aka shekara huɗu, a 2012, kafin a fitar da aikin da ya dace da fim ɗin. A tsawon wannan lokaci duk wanda ya yi nazarin Patton daga Blu-ray, fuskar da ya nazarta ta na'ura ce.

4.0 Ko Kowane Sabo Ya Fi Tsoho?

Wani zai ce, to ai maganar ta zo da sauƙi, mutum ya nemi faifai mafi sabunta ya huta. Misalai biyu za su nuna cewa ba haka abin yake ba.

Fim ɗin Predator na 1987 an ɗauke shi cikin dajin Meziko, a wurare masu ƙarancin haske, don haka tsakinsa na da yawa tun asali. Faifan 2008 ya bar tsakin yadda yake, wasu masu saye suka yi ƙorafi. A 2010 sai kamfanin ya fitar da wani, da sabon bango da sabon laƙabi da talla mai yawa, wanda aka goge shi sarai. Sakamakon shi ne gyaran gangar Auzinawa: sojojin da ke cikin gumi da laka suka koma kamar gumakan kanti. Ba a maido wa fim ɗin da kamanninsa ba sai a faifan 2018. A lura da wannan: aikin da aka yi wa shela shi ne ya ɓata hoto, alhali na Gladiator da ya gyara hoto shi aka shigo da shi a sace. Ashe ƙarar talla ba ta nuna inda inganci yake.

Misali na biyu ya fi wuyar warwarewa. A 2009 aka fitar da The French Connection, na 1971, a ƙarƙashin kulawar daraktansa William Friedkin. Shi da kansa ya zaɓi a sauya launin ta wata hanya da ta sa ya koɗe, yana kuma ɗan malalowa daga iyakokin abubuwa. Owen Roizman, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin, ya fito fili ya ce ba a shawarce shi ba, kuma bai yarda da aikin ba. A 2012 aka fitar da wani faifan wanda su biyun suka amince da shi, launinsa ya koma kusa da abin da aka gani a silima. To, wanne ne matanin gaskiya? Na 2009 yana da sa hannun darakta, na 2012 ma haka. Mai nazari ba zai iya watsar da ɗaya ba, domin kowanne shaida ne kan abin da mai aikin ya so a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da ya wajaba shi ne a san wanne ne wanne. Mutanen biyu sun rasu a 2023, fayafayan nan biyu su ne suka rage suna ba da labarin saɓanin nasu.

5.0 Ina Laifin Yake?

Adalci ya sa a faɗi cewa gyaran kansa abin yabo ne. Sake kwafar fim tun daga uwa aiki ne mai cin kuɗi, kuma a misalai uku na farko kamfanonin sun musanya wa waɗanda suka nema. Ana kuma iya fahimtar dalilin shirun. Akwai tsofaffin fayafayai jibge a kantuna, in aka yi shelar sabo, tsohon ya zama kwantai. Ban da haka, rubuta "gyararre" a kan kwali daidai yake da cewa na jiya da muka sayar maka ɓatacce ne, ba kuwa ɗan kasuwar da ke son faɗin haka. Duk da wannan, a ganinmu shirun laifi ne, kuma ya cuci mutum uku.

Na farko shi ne mai saye. Labarin musaya yakan isa ne kawai ga waɗanda ke bin irin wannan magana sau da ƙafa. Sauran jama'a suna riƙe da faifai mai aibi ba su sani ba, ko su je kanti su biya kuɗi ɗaya, wani ya koma gida da mai kyau, wani da maras kyau, gwargwadon wanda hannunsa ya faɗa a kai. Musaya tana ƙarewa, amma tsohon faifai ba ya mutuwa, yana nan yana yawo a kasuwar gwanjo.

Na biyu shi ne mai nazari, kuma nan ne maganar ta shafe mu. A ɗauka malamai biyu sun rubuta sharhi kan yaƙin farko na Gladiator. Ɗaya ya ce hoton ya bushe, ya yi kaifin da ke gajiyar da ido. Ɗayan ya ce hoton na da zurfi, ana ganin laka da hayaƙi da kibau. Kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, kowanne ya ambaci kamfani ɗaya da kwali ɗaya, kuma mai karatu zai zaci ɗaya daga cikinsu bai iya kallo ba. Gardama ce da ba ta da tushe a cikin fim ɗin, shirun kamfani ne ya haife ta. Wanda ke nazari nesa da kasuwar da aka yi faifan, a Kano ko Damagaram, ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin sau da yawa abin da ke isowa hannunsa kwafi ne wanda ba ya tare da kwalin asali ma, balle launin lambar kaya.

Na uku su ne masu aikin. Mai ɗaukar hoto ya zaɓi irin zaren da zai yi amfani da shi, ya auna haske, ya san yawan tsakin da yake so. Idan aka ɓata aikinsa, sunansa ne a kan kwali. Idan aka gyara a ɓoye, ba a wanke shi a idon waɗanda suka ga ɓataccen ba. Haka nan ƙwararrun da suka yi gyaran, an binne ƙoƙarinsu tare da kuskuren waɗanda suka gabace su.

Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sun fi waɗannan kamfanoni riƙon amana a wannan fanni. Mai kwafa idan ya kai ƙarshe yakan rubuta cewa littafi ya cika, sau da yawa ya sa sunansa da sunan wanda ya kwafa wa, wani lokaci har da ranar gamawa. Idan ya tsallake kalma ya gano daga baya, sai ya rubuta ta a gefen shafi ya sa mata alamar "sahha", don mai karatu ya san gyara ne. Bai kankare kuskurensa ya yi kamar bai taɓa yi ba. Da wannan ne manazarta ke iya jera kwafe-kwafe su gane wanda ya fito daga wani.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta ƙara nauyi. Faifai, duk da aibinsa, abu ne da ake riƙewa a hannu, ana iya ajiye na 2009 kusa da na 2010 a gwada. Fim ɗin da ake kallo kai tsaye ta intanet kuwa, in an sauya shi, na jiya ya tafi ke nan. A 2023 masu kallo a Amurka suka lura an cire wani ɗan guntun zance mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata daga The French Connection a wasu kafofin intanet, ba tare da wata sanarwa ba. Ko mutum ya goyi bayan cirewar ko bai goya ba, waɗanda suka tabbatar da ita sun yi haka ne domin tsofaffin fayafayai na nan a hannun jama'a. Ɗabi'ar da aka saba da ita a kan faifai ita ce ta koma inda ba a iya kama ta cikin sauƙi.

6.0 Shawarwari

Shawara ta farko ga masu fitar da finafinai ce. Kowane faifai ya kamata ya ɗauki ɗan bayani a bayansa: daga wane zare aka kwafa, a wace shekara, da wane ma'auni, wa ya duba launi, wa ya amince. Wannan ba sabon abu ba ne, kamfanin Criterion ya daɗe yana buga irin wannan bayani a cikin ɗan littafin da ke rakiyar fayafayansa. Idan an sake aiki, a rubuta haka a bango, da baƙaƙen da ido zai gani.

Ta biyu ga mu manazarta ce. Duk wanda zai yi magana kan launi ko haske ko tsarin hoto a fim, ya faɗi irin faifan da ya duba, da kamfanin, da shekarar, da duk wata alama da ke bambanta shi da ɗan'uwansa. Masu duba kundayen ɗalibai su nemi wannan kamar yadda suke neman bugu da shafi a littafi.

Ta uku ga ɗakunan karatu da na adana kayan tarihi ce. Kada a jefar da tsohon faifai don an sami gyararre. A ajiye su duka biyu, a rubuta bambancinsu a katin kowanne.

Muna da misali na kusa da ke nuna amfanin yin aiki a fili. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano zaruruwansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal da ke Balin ta ƙasar Jamus ta farfaɗo da shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Saboda an san inda aka samo shi, da waɗanda suka yi aikin, da shekarar, mai nazari na iya faɗin abin da ya kalla ba tare da shakka ba. Idan aka zo farfaɗo da sauran finafinanmu da ke kan kaset da tsofaffin fayafayai, wannan hanya ya kamata a bi.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa faifan fim kwafi ne da ya bi ta hannun mutane, kuma fim ɗaya na iya samun kwafi biyu masu bambanci a cikin kwali iri ɗaya. Mun ga misalan da sabon aiki ya gyara ɓarna, da wanda sabon aiki ya jawo ta, da kuma wanda masu fim ɗin kansu suka saɓa a kai. Ba mu zargi kowa don ya yi kuskure ba, ba mu kuma zarge shi don ya gyara ba. Abin da muka ƙi shi ne a gyara a ɓoye, domin yin haka yana barin mai saye cikin duhu, yana haddasa gardama marar tushe tsakanin manazarta, yana kuma shafe sawun da tarihi zai bi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a shigar da ambaton faifai cikin ƙa'idojin rubuta kundi a sassanmu.